Lauya Tsakanin Amanar Wanda Ya Wakilta Shi Da Haƙƙin Kotu

A ranar 23 ga Oktoba, 2023, Mai Shari'a Robin Knowles na Babbar Kotun Landan ya yanke hukuncin da ya sauke wa Nijeriya nauyin bashin da ya haura dala biliyan 11, kuɗin da ya kusa kashi ɗaya bisa uku na ajiyar ƙasar nan a waje a lokacin. Asalin maganar kwangila ce da Ma'aikatar Man Fetur ta ƙulla a 2010 da wani kamfani mai suna P&ID, a kan zai gina masana'antar sarrafa iskar gas a Kalaba. Ba a aza ko tubali ɗaya ba. Kamfanin ya kai ƙara gaban masu sulhu a Landan, su kuwa a 2017 suka ce a biya shi dala biliyan 6.6, tare da kuɗin ruwa na kashi 7 cikin ɗari da ya yi ta hauhawa kowace shekara.

Jaridunmu sun yi murna da kuɗin da aka tsira da su, kuma murnar tana kan hanya. Amma akwai wani sashe na hukuncin da bai sami kulawar da ta kamace shi ba, shi ne wanda ya shafi lauyoyi. Bayan alƙalin ya tabbatar da cewa an ba da cin hanci wajen samun kwangilar, an kuma gabatar wa masu sulhun shaidar ƙarya, sai ya gano cewa takardun sirri na shawarwarin da lauyoyin Nijeriya suke bai wa gwamnati sun riƙa faɗawa hannun kamfanin ana tsakiyar shari'a. Lauyoyi biyu na ɓangaren kamfanin, ɗaya barista mai babban muƙami ɗaya solisita, sun ga takardun, sun san ba haƙƙinsu ba ne, ba su mayar ba, ba su kuma hana a riƙe su ba. Alƙalin ya lura cewa dukiya mai ɗimbin yawa tana jiran kowannensu in kamfanin ya yi nasara. Daga nan ya aika kwafin hukuncin ga hukumomi biyu masu sa ido a kan aikin lauya a Ingila.

Wannan aikawar ita ce ta ja hankalinmu. Wane ne ke tsawata wa lauya idan ya kauce? Tambayar ba ta manyan kamfanoni kaɗai ba ce. Ta shafi matar da ke neman tumunin takabarta, da magidancin da ya damƙa wa lauya kuɗin sayen fili, da ɗalibin da ke karatun Shari'a a Zariya ko Kano ko Sakkwato yana tunanin abin da zai tarar a gaba.

A Ingila da yankin Wales aikin ya rabu gida biyu tun ƙarnuka da suka wuce. Solisita shi ne wanda mutum ke zuwa ofishinsa, ya rubuta yarjejeniya, ya tattara hujjoji, ya riƙe kuɗin jama'a. Barista kuwa gwanin tsayuwa gaban alƙali ne, galibi solisita ne ke ɗauko shi, kuma ba a yarda ya riƙe kuɗin wanda yake karewa ba. Da can ƙungiyoyin lauyoyin ne ke hukunta 'ya'yansu, har ƙorafin jama'a ya yi yawa, aka ɗora wa Sir David Clementi nazarin lamarin, ya miƙa rahotonsa a 2004. Abin da ya biyo baya shi ne dokar 2007, wadda ta tabbatar da raba aikin kare muradun lauyoyi da aikin sa musu ido. Hukumar SRA ke lura da solisitoci, BSB ke lura da baristoci, a samansu kuma akwai wata hukumar da ke duba yadda su kansu suke aiki, wadda doka ta ce shugabanta da mafi yawan mambobinta kada su kasance lauyoyi. Tun 2010 akwai ofishi na musamman da talaka zai kai kukan an yi masa sakaci ko an tsawwala masa kuɗi. A 2019 kuma aka sassauta ma'aunin tabbatar da laifi a zaman ladabtarwa: maimakon a ce sai an kawar da duk wani kokwanto kamar a shari'ar manyan laifuffuka, yanzu rinjayen hujja ya isa.

Mu kuwa a Nijeriya mun gaji hula da alkyabbar Ingila, amma ba mu gaji rabon aikin ba. Duk wanda ya gama Makarantar Horar da Lauyoyi, wadda aka kafa da dokar 1962 kuma take da rassa har a Bagauda da Yola, aka kira shi aka rubuta sunansa a kundin Kotun Ƙoli, to ya zama barista kuma solisita a lokaci guda. Hannun da ke riƙe da kuɗin marayu shi ne bakin da ke magana gaban alƙali. Wannan ya rage wa mutane tsadar ɗaukar lauya biyu, sai dai ya tara amana biyu a wuya ɗaya.

Dokar da ke tafiyar da aikin ta 1975 ce. Majalisar Dattawan Lauyoyi, wadda ta ƙunshi manyan alƙalai da manyan lauyoyi, ita ke kiran sababbin lauyoyi, kuma ita ke da ikon cewa wane ya cancanta ta fuskar hali. Masu karatu za su tuna cewa a gabanta ne aka hana Amasa Firdaus shiga zauren kira a Disambar 2017 saboda hijabinta, kafin majalisar ta sauya matsayi a kira ta a Yulin 2018. A ƙarƙashin wannan majalisa ne kwamitin ladabtar da lauyoyi yake, wato LPDC. In ya sami lauya da aikin ashsha a sana'arsa, yana iya yi masa gargaɗi, ko ya dakatar da shi na wani lokaci, ko ya sa a goge sunansa daga kundin baki ɗaya, yana kuma iya umurtarsa ya mayar da kuɗi ko takardun da ya riƙe. Ƙa'idojin ɗa'a da ake auna shi da su kuwa, waɗanda aka yi a 2007 ne suka daɗe ana aiki da su, sai aka maye gurbinsu da na 2023, waɗanda suka fara aiki a ranar 1 ga Janairu, 2024, da ƙarin babi a kan hana amfani da ofishin lauya wajen halasta kuɗin haram.

Idan muka karanta waɗannan ƙa'idoji da idon ɗalibin fiƙihu, ba za mu ji baƙunta sosai ba. Malamanmu sun daɗe da tattauna wakilci a husuma a babin wakala. An ruwaito cewa Sayyidina Aliyu, Allah Ya ƙara masa yarda, ba ya son halartar husuma da kansa, yakan wakilta ɗan'uwansa Aƙilu. Malaman Malikiyya, waɗanda littattafansu irin su Mukhtasar da Tuhfa ke kan teburin alƙalanmu har yau, sun halasta wakilcin, suka kuma yi masa shinge: ba a wakilta maƙiyin abokin husuma don a ƙuntata masa, ba a tara wakilai fiye da ɗaya a kan mutum ba da yardarsa ba, wanda kuma ya riga ya zauna da abokin husumarsa har sau uku gaban alƙali ba zai janye ya turo wakili ba sai da uzuri. Duk manufar ita ce kada wakilci ya zama makamin ja wa shari'a rai. A zamanin Turawa da shekarun farko bayan 'yanci an hana lauyoyi tsayawa a kotunan alƙalai. Yau sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya bai wa wanda ake tuhuma da laifi damar kare kansa ta bakin lauyan da ya zaɓa, kuma lauyoyi na shiga kotunan Shari'ar Musulunci safe da yamma.

Nauyi na farko, a Landan ko a Gusau, shi ne haƙƙin kotu, kuma yana gaba da haƙƙin wanda ya biya kuɗi. Lauya ba zai faɗa wa alƙali abin da ya san ƙarya ne ba, ba zai kawo shaidar da ya san zur ce ba, kuma in akwai hukuncin babbar kotu da ya shafi maganar kai tsaye, ko da bai yi wa ɓangarensa daɗi ba, ba zai ɓoye shi ba. A watan Yunin 2025 Babbar Kotun Landan ta zauna a kan ƙararraki biyu da aka gabatar da hukunce-hukuncen da ba su taɓa wanzuwa ba: a ɗaya guda biyar, a ɗayar kuma 18 daga cikin 45 da aka ambata. Kotun ta yi kashedi mai zafi a kan dogaro da manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT ba tare da bin diddigi ba, ta kuma miƙa lauyoyin ga hukumominsu. Ɗalibanmu su riƙe wannan, domin manhajar da ta yaudari lauyan Landan tana cikin wayar kowa a nan.

A nan ne tambayar da iyaye suka fi yi wa malamai take shigowa: ya halasta ɗana ya kare mai laifi? A Ingila barista yana ƙarƙashin wata ƙa'ida da za mu iya kwatanta ta da motar da ke kan layi a tasha: duk fasinjan da ya zo, in akwai wuri kuma ya biya kuɗin da ya dace, ba a ce masa fuskarsa ba ta yi ba. Ƙa'idojinmu ma suna da kwatankwacin haka. A ɗaya gefen kuma aya ta 105 a Suratun Nisa'i ta hana zama mai jayayya domin maha'inta. Mutum zai ɗauka sun yi karo, amma muna ganin karon bai kai yadda ake zato ba. Wanda ake tuhuma ba mai laifi ba ne sai an tabbatar, a dokar ƙasa da a Shari'a duka. Hujja tana kan mai da'awa, kuma shubuha na tunkuɗe haddi. Lauyan da ya tsaya ya ce a kawo shaidu, a tabbatar ba da duka aka karɓi iƙirari ba, a bi matakan da aka gindaya, taimakon alƙali yake yi. Ko da wanda yake karewa ya faɗa masa a asirce cewa ya aikata, ƙa'idar sana'ar ta bar shi ya nemi masu gabatar da ƙara su tabbatar da zarginsu, amma ta hana shi ya miƙe ya ce mutumin yana wani gari a ranar, ko ya ɗora wa wani bawan Allah laifin. Inda haɗarin yake da gaske shi ne shari'ar dukiya. Lauyan da ya san gonar ba ta wanda ya ɗauke shi ba ce, ya kuma ci gaba da neman a mallaka masa ita, ya saɓa wa ƙa'idar sana'arsa kafin ma a zo maganar lahira. Hadisin Ummu Salama da ke cikin Bukhari da Muslim ya yi bayanin cewa wanda ya ci shari'a da iya baki alhali haƙƙin ɗan'uwansa ne, wuta aka yankar masa. Hukuncin alƙali ba ya mayar da haram halas. Wanda ya ba da aron bakin nasa a kan lada ba zai ce ba ruwansa ba.

Nauyi na biyu shi ne sirri da rashin raba ƙafa. Abin da mutum ya faɗa wa lauyansa amana ce, ba ta fita ko bayan an rabu, sai a 'yan wurare ƙalilan, kamar in ya bayyana niyyar aikata laifi. Lauya ɗaya kuma ba ya tsaya wa ɓangarori biyu masu saɓanin muradi. Wannan shi ne shingen da aka tsallake a shari'ar P&ID, kuma a ƙaramin ma'auni shi ake tsallakewa duk ranar da lauyan mai sayar da gida ya ce wa mai saye kada ya wahalar da kansa, shi zai rubuta wa kowa takarda.

Na uku, wanda a ganinmu ya fi kowanne taɓa gidajen Musulmi, shi ne kuɗi. Gado, diyya, kuɗin haya, kuɗin fili, bashin da aka karɓo: duk suna bi ta hannun lauya. Doka ta wajabta masa buɗe asusun banki na daban domin kuɗin jama'a, kada ya gauraya su da nasa ko na kwana ɗaya, ya sanar da mai su da zarar sun shigo, ya kuma ba da lissafi. Ƙa'idojin wannan asusu suna nan tun 1964. Matsalar ita ce bincike. A Ingila ofishin solisita da ke riƙe da kuɗin mutane yana ƙarƙashin duban akanta, wajibi ne ya yi inshorar da ba ta gaza fam miliyan 2 ba saboda kuskuren aiki, kuma kowane solisita na zuba kuɗi a wani asusun diyya da ake biyan wanda aka ci amanarsa. Duk da haka ɓarna ba ta ƙare ba. A Oktoban 2023, watan da aka yanke hukuncin P&ID, hukumar SRA ta rufe wani babban ofishin lauyoyi mai suna Axiom Ince bayan an nemi fiye da fam miliyan 60 na jama'a an rasa. Binciken da aka fitar bayan shekara guda ya ce ita kanta hukumar ba ta yi abin da ya kamata a kan lokaci ba. Amma a duba abin da ya biyo baya: kuɗin da kowane solisita ke zubawa a asusun diyya ya tashi daga fam 30 zuwa fam 90, wato dukkan 'yan sana'ar suka ɗauki asarar da ɗayansu ya jawo. A nan gida, in lauya ya cinye kuɗin marayu, LPDC na iya goge sunansa ta ce ya biya. In ya riga ya ƙarar da su, babu wata taska da marayun za su nufa.

Akwai wani gibin da ba a cika magana a kansa ba. Sashe na 9 na dokar 1975 ya yarda a kai lauya ƙara saboda sakaci, amma ya bar tsohuwar kariyar da ke hana a tuhume shi a kan yadda ya gudanar da shari'a a gaban kotu. Daga Ingila muka aro wannan kariya, ita kuwa Ingila ta yar da ita tun 2000. Illar haka ta fito fili idan aka tuna hukuncin Kotun Ƙoli na 2007 a shari'ar Okafor da Nweke, inda aka ce takardar kotu da aka sa wa hannu da sunan ofishin lauyoyi, ba da sunan lauyan da ke cikin kundi ba, ba ta da inganci. Ƙararraki da dama sun rushe a kan wannan bayan an shafe shekaru ana tafka su. Kuskuren na lauya ne, asarar ta wanda ya ɗauke shi.

Sai kuma babbar cutar da ta fi zubar da ƙimar sana'ar a idon jama'a, wato yawon neman kotun da za ta ba da umarnin da ake so. A Satumban 2021 Alƙalin Alƙalai Ibrahim Tanko Muhammad ya kira manyan alƙalan jihohi da dama saboda umarni masu cin karo da juna a rikicin jam'iyyu, kuma kafin ƙarshen shekarar Majalisar Shari'a ta Ƙasa ta hukunta alƙalai uku. A Mayun 2024 aka maimaita a rikicin masarautar Kano, kotun tarayya na cewa gabas ta jiha na cewa yamma, har Alƙalin Alƙalai Olukayode Ariwoola ya kira shugabannin kotunan biyu. Ba mu shiga maganar wanda ke da gaskiya a rikicin ba. Abin da muke cewa shi ne alƙali ba ya ba da umarni sai an roƙe shi, kuma mai roƙon lauya ne, wanda sau da yawa ya san akwai irin wannan ƙara a wata kotun. Idan ana kiran alƙalai ana yi musu tambayoyi, adalci ne a ga masu kai musu takardun su ma sun amsa nasu a bainar jama'a, komai girman lambar da ke bayan sunansu.

Hujjar masu son lauyoyi su ci gaba da hukunta kansu ba abar rainawa ba ce. Sana'ar da gwamnati ke riƙe da linzaminta ba za ta iya tsayawa gaban gwamnati ba, kuma tarihin mulkin soja ya nuna amfanin ƙungiyar lauyoyi mai 'yanci. Ko a 2020, da Antoni Janar na Tarayya ya yi wa ƙa'idojin ɗa'a gyaran da ya cire wajabcin hatimin ƙungiyar NBA, sai da lauyoyi suka kai shi kotu, aka soke gyaran a 2022. Mun yarda da wannan tsoro. Amma tsakanin miƙa wa gwamnati wuya da barin abokan sana'a su kaɗai su yi wa junansu shari'a akwai tazara mai faɗi. Tsarin Ingila, da dukkan tuntuɓensa, ya nuna ana iya zaunar da mutanen gari masu mutunci a cikin masu yanke hukunci ba tare da an miƙa linzamin ga minista ba. An daɗe ana kai kudurorin gyaran dokar 1975 gaban majalisa. Duk wanda za a zartar, mu abu uku za mu duba a cikinsa, ko ya shigo da waɗanda ba lauyoyi ba cikin ladabtarwa, ko ya wajabta binciken asusun kuɗin jama'a a kai a kai, ko ya kafa asusun diyya.

Kafin a kai can, akwai abin da ke hannun magidanci. Ya nemi a rubuta ladan aiki tun farko, ya karɓi rasit a kan ko sisin kwabo, ya tambayi asusun da za a ajiye kuɗinsa, ya tabbatar takardar da aka rubuta masa tana ɗauke da hatimin lauyan da sunansa, ya kuma riƙe kwafin duk abin da aka shigar kotu da sunansa. Idan an cuce shi, ba a kotu kaɗai ƙofa take ba: yana iya rubuta koke da rantsuwa da hujjojinsa zuwa ga LPDC a Abuja, ko ya fara da reshen NBA na garinsu. Yawancin mutanenmu sukan ce sun bar wa Allah, su tafi gida. Barin ba laifi ba ne ga mai haƙƙin kansa. Amma wasiyyin da ke riƙe da dukiyar marayu ba shi da ikon yafe abin da ba nasa ba, kuma kwamitin ba ya zama a kan ƙarar da ba a kai masa ba.